Me ya sa fina-finan Muppets ba sa haɗuwa a hannun kamfani ɗaya?

Mai_Tara_Faifai ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Ina da tambaya game da fina-finan 'yan tsanan nan da ake kira Muppets, waɗanda marigayi Jim Henson ya ƙirƙiro a Amurka, kuma ina fatan za a samu wanda ya san harkar haƙƙin mallaka da dillancin fina-finai ya warware mini ita.

Tsakanin 1979 da 2014 an yi fina-finai takwas na waɗannan 'yan tsana waɗanda aka haska a gidajen sinima. Na daɗe ina tara su a faifan DVD da na Blu-ray, kuma abin da ya ɗaure mini kai shi ne shida daga cikinsu suna fitowa da tambarin Disney, amma biyu, wato The Muppets Take Manhattan na 1984 da Muppets from Space na 1999, tambarin Sony suke ɗauke da shi. Ban taɓa ganin akwati guda da ya haɗa takwas ɗin ba, kuma lokacin da aka buɗe dandalin Disney+ a Nuwamban 2019 waɗannan biyun ba sa cikin abin da aka jera.

Kowa ya san Disney ta sayi Muppets a 2004. To idan kwaɗon nan Kermit da Miss Piggy da Fozzie mallakar Disney ne, da wace hujja wani kamfani yake sayar da fim ɗin da su ne taurarinsa? Kuma ta yaya fina-finai biyu na farko, waɗanda aka yi tun Disney ba ta da hannu a cikin lamarin ko kaɗan, suka koma wurinta, alhali na 1999, wanda ya fi kusa da lokacin cinikin, bai koma ba? Akwai kuma batun shirin talabijin ɗinsu, The Muppet Show, wanda aka yi zango biyar amma uku kawai na samu a faifai. Shin dalili ɗaya ne ya haddasa duka, ko kowanne da nasa?

Tsohon_Dillali ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Tushen amsar shi ne abin da mai kallo yake gani a matsayin abu ɗaya, a wurin lauyoyi abubuwa uku ne, kuma kowanne ana iya sayar da shi shi kaɗai. Akwai mallakar 'yan tsanan su kansu, wato sunayensu da siffofinsu da ikon yin sabon fim ko kayan wasa da su. Akwai mallakar wani fim guda da aka riga aka gama. Sannan akwai ikon rarraba wannan fim, wanda shi ma ana yayyanka shi: na sinima dabam, na talabijin dabam, na kaset da faifan kallon gida dabam, kuma sau da yawa kowace ƙasa da nata. Wanda ya sayi gida akwai ɗan haya a ciki mai takardar yarjejeniya, ya zama mai gida, amma ba zai fitar da ɗan hayar ba sai wa'adinsa ya cika, kuma wasu yarjejeniyoyin rarraba fim wa'adinsu yana da tsawo ƙwarai. Disney ta sayi abin da iyalan Henson suke riƙe da shi a 2004, ba ta sayi abin da suka riga suka ba wasu ba.

Don haka hanya mafi sauƙi ita ce a tambayi wanda ya zuba kuɗi a kowane fim a shekarar da aka yi shi. Lokacin da manyan tashoshin talabijin na Amurka suka ƙi karɓar shirin Henson, Lew Grade na Ingila ne ya ɗauki nauyinsa, aka riƙa ɗaukar The Muppet Show a Elstree, kusa da Landan, daga 1976 zuwa 1981. Kamfaninsa na ITC ne kuma ya ba da kuɗin The Muppet Movie na 1979 da The Great Muppet Caper na 1981. Da rukunin kamfanonin Grade ya suɓuce daga hannunsa a 1982 ya koma hannun attajirin Ostireliya Robert Holmes à Court, Henson bai zauna ba, ya bi ya fanso shirin talabijin ɗin da fina-finan biyu a tsakiyar shekarun 1980. A ganina wannan shi ne mataki mafi muhimmanci a tarihin kasuwancin Muppets baki ɗaya, domin shi ya sa waɗannan ayyuka suka zama dukiyar gidan Henson, suka riƙa bin 'yan tsanan duk inda aka sayar da su. Ko da Sony ta fitar da fina-finan biyu a DVD a 2001, da lasisi mai wa'adi ta yi, kuma a 2005 sai ga su sun fito da tambarin Disney, shekarar da Kermit ya cika hamsin.

Fim na uku labarinsa dabam ne. TriStar ce ta rarraba shi a 1984, kamfanin da Columbia da HBO da CBS suka haɗu suka kafa a 1982, wanda daga baya ya narke cikin Columbia. Sony ta sayi Columbia a 1989, ta gaji duk takardun da ke cikin akwatunta. Na 1999 kuwa an yi shi ne ƙarƙashin Jim Henson Pictures, haɗin gwiwar da kamfanin Henson ya ƙulla da Sony a 1995, Columbia ta rarraba shi. Haka ma Kermit's Swamp Years na 2002, wanda aka fitar kai tsaye a kaset da faifai, yana wajen Sony. Kusancin fim da shekarar 2004 ba shi ne ma'auni ba, sa hannun da ke kan takardarsa shi ne.

Biyun da ke tsakiya, The Muppet Christmas Carol na 1992 da Muppet Treasure Island na 1996, su suke rikita mutane, saboda Disney ce ta rarraba su tun ba ta mallaki 'yan tsanan ba. A watan Agustan 1989 an sanar cewa Disney za ta sayi kamfanin Henson a kan kimanin dala miliyan 150. Henson ya rasu ranar 16 ga Mayun 1990 ba a kammala ba, kafin ƙarshen shekarar cinikin ya rushe, har aka shiga kotu a 1991 sannan aka sasanta. Duk da ta leƙo ta koma, ɓangarorin biyu sun ci gaba da hulɗa, Disney ta zama mai rarraba kasa-kasan bidiyon Henson a farkon shekarun 1990, ta kuma fitar da waɗannan fina-finai biyu. Da 2004 ta zo, sai ikon rarrabawa da mallakar 'yan tsanan suka haɗu a hannu ɗaya.

Kafin nan kuma an yi wani zagaye da ya ƙara tsinka dukiyar. A 2000 'ya'yan Henson sun sayar da kamfanin ga EM.TV na Jamus a kan dala miliyan 680. Ba a jima ba darajar hannayen jarin EM.TV ta faɗi warwas, ya shiga sayar da kadarori, ciki har da 'yan tsanan Sesame Street, irin su Big Bird da Elmo, waɗanda Sesame Workshop ta saya a kan dala miliyan 180. A 2003 iyalan suka sake sayen kamfanin a kan abin da bai kai dala miliyan 100 ba, sannan a Fabrairun 2004 suka sayar wa Disney Muppets da Bear in the Big Blue House. Suka riƙe Fraggle Rock da The Dark Crystal da Labyrinth. Abin da mutum ɗaya ya gina da hannunsa ya koma gida uku, ban da Sony da ke riƙe da ikon rarraba wasu fina-finan.

Ummu_Safiyya ta amsa:

Malam Tsohon_Dillali ya yi bayani mai gamsarwa a kan fina-finan sinima, Allah ya saka. Ni zan taɓa tambaya ta uku, domin a nan matsalar ba ta tsaya ga wanda ya mallaki Kermit ba. The Muppet Show mallakar Disney ne gaba ɗaya, kashi 120, babu Sony a ciki. Disney ta fitar da zango na farko a DVD a 2005, na biyu a 2007, na uku a 2008, daga nan aka ji shiru, na huɗu da na biyar ba su fito ba.

Shirin nan na kiɗa da waƙa ne, kusan kowane kashi yana ɗauke da waƙoƙi da dama, kuma mafi yawansu ba mutanen Henson ne suka rubuta su ba. Kowace waƙa tana da marubuci da kamfanin da ke kula da haƙƙinta, kuma izinin da aka karɓa a 1977 ko 1979 na watsawa ne a talabijin, domin a lokacin kaset ɗin kallon gida yana jariri, faifan DVD kuwa sai a ƙarshen shekarun 1990 ya shigo kasuwa. Duk wanda zai fitar da shirin a faifai dole ya koma ya nemi izinin kowace waƙa ɗaya bayan ɗaya, kuma mai waƙa guda yana iya tsuga kuɗin da zai sa a ga gara a yanke ta. Shi ya sa tun a faifan zango na farko aka cire wasu waƙoƙi. Ko a Fabrairun 2021 da aka ɗora zango biyar ɗin a Disney+, an tsallake wasu kashi kaɗan, an kuma datse wasu waƙoƙi daga cikin waɗanda aka ɗora.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne A Muppet Family Christmas na 1987. Shiri ne na musamman da Henson ya tara 'yan tsanansa duka a gida ɗaya, na The Muppet Show da na Sesame Street da na Fraggle Rock, har shi kansa ya fito a ƙarshe. A lokacin abu ne mai sauƙi, tunda duk nasa ne. Da aka fitar da shi a kaset da DVD a Amurka an yanke waƙoƙi da dama saboda izininsu bai kai ga kallon gida ba. Yau kuma duk wanda zai sake fitar da shi sai ya samu amincewar Disney da Sesame Workshop da kamfanin Henson, bayan masu waƙoƙin. Shirin da aka yi don a nuna iyali sun haɗu, rabon gado ya sa fitar da shi cikakke ya zama aiki mai wuya.

Akwai kuma Emmet Otter's Jug-Band Christmas na 1977, wanda ya rage a hannun kamfanin Henson, amma Kermit ne yake buɗe labarin yake rufe shi. A DVD ɗin da ya fito a 2005, shekara guda bayan cinikin, an cire Kermit, domin kamfanin da ya haife shi ba shi da ikon sayar da hotonsa. Sai a bugun 2017, na cikar shirin shekara arba'in, aka mayar da shi. Wannan ya nuna cewa idan kamfanonin sun so, suna iya zama su daidaita, kuma ina ganin laifin jinkirin ya fi komawa ga rashin himma fiye da ga doka.

Mai_Tara_Faifai ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Malama, yanzu na fahimci cewa tambayoyina ba amsa ɗaya gare su ba. Sai dai akwai abin da ya rage mini. Disney kamfani ne da ya sayi Pixar da Marvel da Lucasfilm, ya kuma sayi yawancin kadarorin Fox a 2019 a kan fiye da dala biliyan 70. Ikon rarraba fina-finan 'yan tsana guda biyu ai ba zai gagare ta ba. Me ya hana ta biya Sony ta karɓe su, a huta? Ni a ganina mai kallo ne yake cutuwa da wannan rarrabuwa, tunda sai ya bi kamfani biyu kafin ya haɗa abin da asalinsa ɗaya ne.

Injiniya_B ya amsa:

Ɗan'uwa, a nan zan saɓa maka, kuma ina roƙon ka duba abin da ya faru a aikace. The Muppets Take Manhattan, wanda muke cewa ya maƙale a wajen Sony, ya fito a Blu-ray a 2011, sannan a 2023 Sony ta sake gyara hotonsa ta fitar da shi a faifan 4K, wanda shi ne mafi ingancin abin da ake sayar wa mai kallon gida a yanzu. Zango biyu na ƙarshe na The Muppet Show, waɗanda ke hannun mai 'yan tsanan, tun 2008 ake jiransu a faifai. Idan haɗuwar komai a hannu ɗaya ita ce maslahar mai kallo, da an ga akasin haka.

Dalilin kuwa a fili yake. Sony ba ta da babban dandalin haska fina-finai irin Disney+ ko Netflix, saboda haka ribarta a tsohon fim tana zuwa ne daga sayar da faifai da ba wa wasu dandamali hayarsa. Fim mai suna wanda iyaye suke saya wa 'ya'yansu shekara bayan shekara kadara ce da ba za ta so rabuwa da ita da arha ba. Disney kuma ta karkata ga kuɗin da mai kallo yake biya duk wata, ta ja baya daga harkar faifai: a 2023 ta daina sayar da faifai a Ostireliya, a 2024 kuma ta miƙa wa Sony aikin buga faifanta da rarraba su a Amurka da Kanada. Wato a waɗannan ƙasashe biyu kamfanin da kake so a karɓe fina-finan daga hannunsa shi ne yanzu yake kai faifan Disney kasuwa. Wannan bai sauya mallakar komai ba, amma ya nuna inda hankalin kowane kamfani yake.

Abin da ya sa nake ɗaukar maganar faifai da muhimmanci shi ne bambancin da ke tsakanin saye da haya. A dokar Amurka, wanda ya sayi kwafin fim na halal yana da ikon ajiye shi, ko ya ba da aronsa, ko ya sayar, ba tare da neman izinin kowa ba. Abin da ke kan dandalin intanet kuwa izinin kallo ne kawai, ana iya sauke shi ko a sauya shi cikin dare. A 2023 Disney+ ta sauke shirye-shirye masu yawa don rage kashe kuɗi. Wanda yake da faifansa a gida wannan bai shafe shi ba.

Ummu_Safiyya ta ƙara da cewa:

Maganarka tana da ƙarfi, Injiniya, amma a yi wa Disney adalci a wuri ɗaya. A The Muppet Christmas Carol akwai waƙar nan When Love Is Gone, wadda aka cire kafin a haska fim ɗin a sinimomin Amurka a 1992, saboda Jeffrey Katzenberg, shugaban sashen fina-finan Disney a lokacin, yana ganin za ta gundiri ƙananan yara. Brian Henson, ɗan marigayin, wanda ya ba da umarnin fim ɗin, bai so hakan ba, kuma an mayar da ita a kaset ɗin 1993, shi ya sa waɗanda suka tashi da kaset suka san fim ɗin da ita. A DVD ɗin 2005 tana cikin sigar da aka datse gefen hotonta don ta cika allon tsohuwar talabijin ne kawai. Sai a Disambar 2022, lokacin cikar fim ɗin shekara talatin, aka ɗora cikakkiyar sigar mai faɗin hoto a Disney+. Ba a yi wannan aikin ba sai don mai fim ɗin da mai 'yan tsanan da mai dandalin duk kamfani ɗaya ne, ba a buƙaci izinin wani ba. Haɗuwar mallaka tana sauƙaƙa gyara idan akwai niyya, ko da yake na yarda cewa mai son riƙe abin a hannunsa bai ci moriyar gyaran yadda ya kamata ba.

Tsohon_Dillali ya sake amsawa:

Game da tambayar Malam ta abin da ya hana Disney ta biya Sony ta karɓi fina-finan biyu, kamfani ba ya sayen abu don kawai yana da kuɗin saye, sai ya lissafa abin da zai dawo masa. Muppets from Space bai mayar da kuɗin da aka kashe masa a sinima ba. The Muppets na 2011 ya yi kasuwa, har ya ci kyautar Oscar ta waƙa, amma Muppets Most Wanted na 2014 bai kai shi ba, kuma bayansa Disney ta karkata da 'yan tsanan zuwa talabijin da Disney+. Idan mai saye ba ya cikin matsuwa, mai sayarwa kuma yana cin riba a hankali daga abin da ke hannunsa, babu abin da zai tura su teburin ciniki. Akwati mai ɗauke da fina-finan takwas zai iya samuwa ba tare da an sayar da komai ba, ta hanyar ɗayan ya ba ɗayan lasisi na ɗan lokaci, sai dai a raba ribar gida biyu, kuma kasuwar faifai ta ragu sosai idan aka kwatanta da tsakiyar shekarun 2000.

Kada kuma a sa rai lokaci zai warware matsalar nan kusa. A Amurka fim ɗin da kamfani ya yi yana cikin kariyar haƙƙin mallaka har shekara 95 daga ranar fitowarsa, wato na 1979 ba zai zama na kowa da kowa ba sai a farkon 2075, na 1984 kuma sai 2080. Sunayen 'yan tsanan da tambarinsu kuwa alamun kasuwanci ne, waɗanda ba su da wa'adi muddin ana amfani da su ana sabunta rajistarsu.

Shawarata gare ka, Malam, ka sayi biyun na Sony dabam, shidan na Disney dabam. Idan za ka yi odar faifai daga wata ƙasa, ka duba lambar yankin da ke bayan kwalin, domin DVD ɗin Amurka da Kanada yanki na 1 ne, na Turai yanki na 2, kuma na'urar da aka kulle a yanki ɗaya ba ta karanta na wani. Wannan kullewa ma daga sayar da ikon rarrabawa ƙasa-ƙasa ta samo asali. Ka kuma duba tsawon mintunan da aka rubuta a kwalin kafin ka biya, musamman a shirye-shiryen talabijin na musamman da Malama Ummu_Safiyya ta ambata, tunda bugu biyu na shiri ɗaya suna iya bambanta da waƙa biyu ko uku.